Yadda Ake Gano Halin Babbar Lamba: Mu Gwada da 720,720

Lamba mai alƙaluma shida ko bakwai tana da kwarjini. Ɗalibi zai gan ta a takardar jarrabawa, an ce ya faɗi lambobi nawa ne ke raba ta, sai ya kama gwaji ɗaya bayan ɗaya har lokaci ya ƙure masa. Alhali kuwa kusan duk tambayar da za a yi maka a kan cikakkiyar lamba, wato wadda ba ta da ɗigo ko ɓari, amsarta tana rataye ne da abu guda: waɗanne ƙananan lambobi aka ninka aka same ta. In ka gano wannan, sauran aikin na 'yan mintoci ne.

Za mu yi aikin ne da lamba ɗaya tun daga farko, 720,720, domin tana da abin nunawa da yawa. Ka ɗauko biro da takarda. Kalkuletar wayarka ta isa.

Da farko, karanta ta, ka dubi wutsiyarta

Ka sa waƙafi bayan kowane alƙaluma uku daga dama, sannan ka faɗe ta da baki: dubu ɗari bakwai da dubu ashirin, da ɗari bakwai da ashirin. Ka maimaita "dubu" ɗin nan a tsakiya, don in ka ce dubu ɗari bakwai da ashirin kawai, mai saurare zai iya rubuta 700,020.

Alƙalamin ƙarshe shi ke faɗa maka ko lamba cika ce ko mara. Tamu ta ƙare da sifili, don haka cika ce, kuma tana rabuwa da 2, da 5, da 10. Don sanin ko tana rabuwa da 4, alƙaluma biyun ƙarshe kaɗai za ka duba: 20, wanda 4 ke shiga sau 5. Don 8, uku na ƙarshe: 720, wato 8 sau 90. Don 16, huɗu na ƙarshe: 0720, wato 16 sau 45. Dalilin da ya sa ake yin watsi da gaban lambar shi ne 100 na rabuwa da 4, 1,000 na rabuwa da 8, 10,000 na rabuwa da 16, saboda haka duk abin da ke gaba ya riga ya rabu, wutsiyar ce kaɗai ke da ta cewa. In ka gwada 32 da alƙaluma biyar na ƙarshe, 20,720, za ka samu saura 16. A nan biyu ta tsaya.

Na biyu, haɗa alƙaluman

7 da 2 da 0 da 7 da 2 da 0 sun ba da 18. Tunda 18 na rabuwa da 3 da 9, lambar ma tana rabuwa da su. Wannan doka tana aiki ne saboda 10, da 100, da 1,000, kowace in ka raba ta da 9 saurarta 1 ce. Kada ka faɗaɗa ta zuwa 27, ba ta kai can ba. Misali 27 ɗin kanta jimlar alƙalumanta 9 ne kacal.

Akwai wani ƙaramin rukuni da ake samu a nan kyauta. In lamba ta rabu da jimlar alƙalumanta, ana kiran ta lambar Harshad, sunan da wani malamin makaranta ɗan Indiya, Kaprekar, ya raɗa. 720,720 a raba da 18 ya ba da 40,040 ba saura, don haka tana ciki. Sai dai ka sani wannan hali na rubutu ne: ya dogara da cewa da goma-goma muke ƙirge. Ba ya faɗa maka wani abu mai zurfi game da lambar, shi ya sa ba zan daɗe a kansa ba.

Na uku, dabarar 7 da 11 da 13

Nan ne mutane da yawa ke tsayawa, don an saba koya wa yara dokar 2 da 3 da 5, a bar 7 da 13. Ga hanya guda da ke gwada uku a lokaci ɗaya. 7 sau 11 sau 13 ya ba da 1,001, wato dubu da ɗaya. Don haka ka yanka lambar a wurin waƙafi, ka ɗebe ƙaramin ɓangare daga babba, ka dubi abin da ya rage. In ya rabu da 7, ko 11, ko 13, uwar lambar ma ta rabu da shi.

A tamu, 720 a ɗebe 720 saura sifili, kuma sifili na rabuwa da kowace lamba. Duka ukun sun shiga ke nan. Hasali ma duk lambar da aka rubuta alƙaluma uku aka sake maimaita su, irin 315,315 ko 948,948, ninkin 1,001 ce.

Don ka ga dabarar a inda ba ta zo da sauƙi haka ba, ɗauki 483,259. 483 a ɗebe 259 saura 224. 224 shi ne 7 sau 32, amma ba ya rabuwa da 11 ko 13. Gwada a kalkuleta: 483,259 a raba da 7 ya ba da 69,037 cif. In lambar ta haura miliyan, ɓangarorin za su zama uku ko fiye, sai ka riƙa ɗebewa da ƙarawa bi da bi daga dama.

Na huɗu, warware ta zuwa firam

Wannan shi ne zuciyar aikin. Lambar firam ita ce wadda ta fi 1, kuma ba abin da ke raba ta sai 1 da ita kanta: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, haka har illa masha Allahu. Yuklid na birnin Iskandariya ya kafa hujja wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa cewa ba su da ƙarshe. Kowace cikakkiyar lamba da ta fi 1, ko dai firam ce, ko kuma ninkin firam ce ta hanya guda tak, ba ta biyu. Masanin Jamus Gauss ya rubuta cikakkiyar hujjar wannan a littafinsa na 1801. Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne, ko ta ina ka fara warwarewa, wuri ɗaya za ka sauka.

Ja layi tsaye a takarda. Lambar a hagu, firam ɗin da kake rabawa da shi a dama. Fara da mafi ƙanƙanta, kada ka bar shi sai ya ƙi shiga.

720,720 ÷ 2 = 360,360
360,360 ÷ 2 = 180,180
180,180 ÷ 2 = 90,090
90,090 ÷ 2 = 45,045
45,045 ÷ 3 = 15,015
15,015 ÷ 3 = 5,005
5,005 ÷ 5 = 1,001
1,001 ÷ 7 = 143
143 ÷ 11 = 13
13 ÷ 13 = 1

Biyu ta fito sau huɗu, uku sau biyu, sauran sau ɗai-ɗai. A taƙaice:

720,720 = 2⁴ × 3² × 5 × 7 × 11 × 13

Kafin ka ci gaba, ka ninka su ka koma baya: 16 sau 9 144, sau 5 720, sau 1,001 720,720. Kada ka tsallake wannan. Kuskure ɗaya a wannan layi zai bi duk lissafin da ke tafe ya ɓata shi, kuma ba za ka gane ba sai a ƙarshe.

Na biyar, lambobi nawa ke raba ta?

Ba sai ka jera su ba. Duk lambar da ke raba 720,720, daga cikin waɗannan firam shida aka gina ta. Wajen gina ta, kana iya ɗaukar 2 sau ɗaya, ko biyu, ko uku, ko huɗu, ko ka ƙi ɗauka sam: zaɓi biyar ke nan. A kan 3 kana da zaɓi uku. A kan 5, 7, 11 da 13, ko ka ɗauka ko ka bari: zaɓi bibbiyu. Dokar ke nan, ka ƙara 1 a kan yawan fitowar kowane firam, ka ninka su:

5 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 240

In zuciyarka ba ta natsu ba, gwada da 12, wadda ita ce 2² × 3. Dokar ta ce 3 sau 2, shida. Ga su: 1, 2, 3, 4, 6, 12. Ina son mai koyo ya saba da wannan ɗabi'a, duk dokar da aka ba shi ya fara auna ta da ƙaramar lambar da zai iya ƙirgawa da yatsu.

Daga wannan 240 abubuwa da dama ke fitowa. Masu raba lamba suna zuwa ne biyu-biyu, ƙarami da abokinsa babba: 1 da 720,720, 2 da 360,360, har zuwa ma'auratan da suka fi kusa da juna, 840 da 858. Ma'aurata 120 ke nan. In kana son marar da ke cikinsu kawai, ka cire zaɓin 2 daga lissafin: 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 48. Sauran 192 cika ne. Wannan 48 ɗin ma yana da nasa amfanin, domin in ka ɗebe 1 daga ciki, ka samu yawan hanyoyin da za a rubuta lambar a matsayin jimlar lambobi masu bin juna. Hanyoyi 47 ke nan, mafi gajarta ita ce 240,239 + 240,240 + 240,241.

Yanzu ga abin da ya sa na zaɓi wannan lamba. Babu wata lamba ƙasa da 720,720 da ke da masu raba ta har 240. Wadda ke riƙe da kambun kafin ita, 665,280, tana da 224. Ramanujan na Indiya ya rubuta doguwar maƙala a 1915 a kan irin waɗannan lambobi da suka kere duk na ƙasa da su wajen rabuwa. Cikinsu akwai waɗanda muke mu'amala da su kullum: 12 na dozin, 24 na awowin yini, 60 na mintoci, 360 na digirin da'ira. Akwai kuma 5,040 mai masu raba ta 60, wadda Aflaton ya ba da shawarar ta zama yawan gidajen birnin da ya tsara a tunaninsa, saboda sauƙin kasafi.

Bugu da ƙari, 720,720 ita ce mafi ƙanƙantar lambar da ke rabuwa da kowace lamba daga 1 zuwa 16. Rabinta, 360,360, tana kaiwa 15 ta tsaya, domin 2 sau uku kaɗai ta fito a cikinta, 16 kuwa na buƙatar huɗu. A 17 ita ma 720,720 take cijewa, saura 5.

Malaman rabon gado sun daɗe suna aiki da wannan tunani. Kason da Alƙur'ani ya ambata su ne rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi, kuma mafi ƙanƙantar lambar da duka ke fita daga cikinta ba ɓari ita ce 24. A ce mutum ya rasu ya bar mata, da mahaifiya, da 'ya'ya maza, kuma bayan an biya bashi da wasiyya ya rage naira 720,720. Asalin mas'alar, wato yawan kason da za a kasa dukiyar, 24 ne, kowane kaso naira 30,030. Matar tana da sumuni, kaso uku, 90,090. Mahaifiyar tana da sudusi, kaso huɗu, 120,120. Ragowar kaso 17, wato 510,510, na 'ya'yan ne. Neman asalin mas'ala da neman lambar da ke rabuwa da 1 zuwa 16 aiki ɗaya ne, girman lambobin ne ya bambanta.

Na shida, mai rara ce, ko mai giɓi, ko kammalalliya?

Wannan tsohon rabe-rabe ne, Nikomakus na Jarash ya rubuta shi wajen shekara ta 100 miladiyya. Ka haɗa duk masu raba lamba, ban da ita kanta. In jimlar ta zarce lambar, mai rara ce. In ta gaza, mai giɓi ce. In ta yi daidai, kammalalliya ce, kamar 6 da ta fito daga 1 + 2 + 3, ko 28 daga 1 + 2 + 4 + 7 + 14.

Haɗa lambobi 240 da hannu wahala ce da ba dole. Ga kowane firam, ka haɗa 1 da matakansa har inda ya tsaya, sannan ka ninka sakamakon:

na 2: 1 + 2 + 4 + 8 + 16 = 31
na 3: 1 + 3 + 9 = 13
na 5, 7, 11, 13: 6, 8, 12, 14

31 × 13 × 6 × 8 × 12 × 14 = 3,249,792

Wannan jimla ta haɗa da lambar kanta, nan ne ake yawan tuntuɓe. Ɗebe 720,720, saura 2,529,072. Ya ninka lambar fiye da sau uku da rabi, don haka mai rara ce sosai.

In rukunin kawai aka tambaye ka, ba jimlar ba, akwai gajeriyar hanya. Duk ninkin 6 da ya fi 6 mai rara ne, saboda rabinsa da sulusinsa da sudusinsa sun riga sun cike shi, ga kuma 1 a sama. Kammalallu kuwa 'yan ƙalilan ne: 6, 28, 496, 8,128, sai a yi tsalle zuwa 33,550,336. Saboda haka babu kammalalliya ko ɗaya mai alƙaluma biyar, shida ko bakwai, kada ka ɓata lokacin nema. Duk waɗanda aka gano cika ne, kuma tambayar ko akwai mara a cikinsu tana nan a buɗe a fagen lissafi har yau.

Dangin wannan su ne lambobin aminai, inda masu raba kowace ke haɗuwa su ba da ɗayar, kamar 220 da 284. Sabit bin Ƙurra ya fitar da ƙa'idar samo wasu daga cikinsu a Bagadaza a ƙarni na 9.

Na bakwai, siffarta

Murabba'i ce, wato wata lamba sau kanta? Dubi layin firam. Sai kowane firam ya fito sau cika, biyu ko huɗu ko shida, kafin lamba ta zama murabba'i. 5 sau ɗaya ta fito, magana ta ƙare. Tana zaune tsakanin 848 sau 848, wato 719,104, da 849 sau 849, wato 720,801.

Mai kusurwa uku ce, irin jimlar 1 + 2 + 3 zuwa wani wuri? Ninka ta da 8, ƙara 1, ka ga ko murabba'i ne. Ya ba da 5,765,761, wanda ya faɗa tsakanin murabba'in 2,401 da na 2,402. A'a ke nan, ko da yake ta kusa: jimlar 1 zuwa 1,200 ita ce 720,600.

Za a iya rubuta ta a jimlar murabba'i biyu? Nan ma firam ne ke yanke hukunci. Nemo waɗanda in an raba su da 4 ke barin saura 3: a nan 3, 7 da 11. In ɗaya daga cikinsu ya fito sau mara, ba zai yiwu ba. 7 sau ɗaya ta fito, don haka ba sai ka gwada ko sau ɗaya ba. Da murabba'i uku kuwa yana yiwuwa: 848² + 40² + 4², wato 719,104 + 1,600 + 16.

Na takwas, yadda kwamfuta ke riƙe ta

Kwamfuta da 0 da 1 take ƙirge. Ka riƙa raba lambar da 2 kana rubuta saura, sannan ka karanta daga ƙasa zuwa sama: 10101111111101010000. Alƙaluma ashirin. Sifili huɗun ƙarshe su ne 2⁴ ɗin da muka gano tun farko, kuma hanya ce mai kyau ta tabbatar ba ka yi kuskure ba. A tsarin goma sha shida da masu rubuta manhaja ke amfani da shi, AFF50 ake rubutawa.

Idan lambar ta ƙi buɗewa

720,720 mai sauƙin kai ce, duk ƙofar da muka ƙwanƙwasa ta buɗe. Ƙara mata 1 kawai ka ga bambanci. 720,721 ba za ta rabu da ko ɗaya daga 2 zuwa 16 ba, kowace za ta bar saura 1. Firam ce ke nan? Kada ka yi gaggawa. Dole ka ci gaba da gwada 17, 19, 23, 29 da na bayansu.

Abin da zai sauƙaƙa maka shi ne sanin inda za ka tsaya. Tunda masu raba lamba biyu-biyu suke zuwa, ƙaramin ba zai wuce tushen murabba'in lambar ba, wato abin da in ka ninka shi da kansa zai ba ka lambar. A nan tushen bai kai 849 ba, kuma firam 146 ne kawai ƙasa da haka. In duk sun ƙi, lambar firam ce. Don samun jerinsu, rubuta lambobi daga 2, ka soke ninkin 2, sannan na 3, na 5, na 7, na 11, haka har zuwa na 29, abin da ya tsira su ne firam. Rariyar Eratosten ake kiran wannan hanya.

A kan 720,721 ba za ka yi nisa haka ba. Firam na ashirin, 71, ya shiga: 71 × 10,151. Sai ka juya kan 10,151, wadda tushenta ya ɗan haura 100. Waɗanda suka ƙi uwar lambar ba sai ka sake gwada su ba, saura 71, 73, 79, 83, 89 da 97, kuma duk sun ƙi. Firam ce. Don haka masu raba 720,721 huɗu ne rak: 1, 71, 10,151 da ita kanta. Jimlarsu ban da ita 10,223, mai giɓi ce ƙwarai. Maƙwabta biyu, ɗaya 240, ɗaya 4.

Akwai ma'auni guda da ke fito da wannan bambanci sarai, na Oila, masanin Suwizalan na ƙarni na 18: lambobi nawa ne ƙasa da lambar da ba su haɗa wani firam da ita ba? Ka ninka lambar da 1/2 saboda 2, da 2/3 saboda 3, da 4/5 saboda 5, haka har ƙarshe. Ga 720,720 amsar 138,240 ce, ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar. Ga 720,721 kuwa, ɗebe 1 daga kowane firam ɗinta ka ninka su: 70 sau 10,150, wato 710,500, kusan dukansu. Irin wannan lamba da aka gina da firam biyu kaɗai ita ce ginshiƙin tsarin ɓoye saƙo na RSA da aka fitar a 1977, wanda ake amfani da shi wajen tsare bayanai a intanet. Ninka firam biyu abu ne na ƙiftawar ido, amma warware su in ba ka san su ba aiki ne ja. Lambobin da ake amfani da su a can sukan kai alƙaluma 617.

Wajen irin wannan gwaji, kalkuleta za ta riƙa ba ka amsa da ɗigo. In saura kake nema, ɗauki abin da ke gaban ɗigon, ka ninka da mai rabawa, ka ɗebe daga lambar. 720,721 a raba da 17 ya ba da 42,395 da ɗoriya. 42,395 sau 17 shi ne 720,715, saura 6. Ka kula kuma da iyakar na'urarka: Excel alƙaluma 15 kaɗai yake riƙewa, abin da ya wuce haka sai ya mayar da shi sifili ba tare da ya sanar da kai ba. In lambarka ta fi wannan tsawo, koma ga Python, harshen rubuta manhaja, wanda ke riƙe cikakkiyar lamba komai tsawonta. Alamar % a can saura take bayarwa: ka rubuta 720721 % 71, zai ba ka 0.